An Ci Ragona, Ba a Yaye Ɗana Ba

Malam mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin maganar tana da wa'adi, haƙurina kuma ya kusa ƙarewa. Ni tsoho ne daga yankin Miga. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na yi asara ba. Maƙwabcina Malam Mika'ilu, wanda ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, shi yake karanta mana filinka a inuwar dalbejiyar ƙofar gidana, shi ne kuma yake riƙe da biro yanzu. Na gaya masa ya rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi. In ka ga wani wuri ya yi laushi, hannunsa ne. Sunana ka bar shi, ba sai duniya ta ji ba.

Sai na fara gaya maka sana'ata, in ba haka ba ba za ka gane inda ciwon yake ba. Ɗinkin hannu nake yi, aikin wuyan riga. Ina yaro mahaifina ya kai ni birnin Kano ya danƙa ni ga Malam Jaji, Allah ya jiƙansa. Na share rumfa, na ɗebo ruwa, na warware zare, na daɗe kafin a bar ni in taɓa allura. Daga baya na kai ga ɗinkin aska biyu, na kai ga aska takwas. Rigar da na yi wata da watanni ina duƙe a kanta, in mai ita ya zo sai a ce aikin Malam Jaji ne, ni ina gefe ina jin daɗi. Ban taɓa ganin laifin haka ba, haka ake koyo. Amma abin yana da ƙarshe. Ranar da maigidana ya ga hannuna ya nuna, ya tara maƙwabta, aka raba goro, aka shafa fatiha, ya ba ni almakashi da allurai da buzun zama. Sannan ya kira wani attajiri cikin masu kawo masa ɗinki, ya ce daga yau rigunansa ni zan riƙa yi musu aiki. Wannan shi ne yaye: kayan aiki, da mai kawo aiki, da albarka. Daga ranar ban ƙara zama gaban kowa da sunan koyo ba.

To, ina da ɗa, Abdulkahar. Shekarar da gwamnati ta ce kowane gida ya kai yara makaranta, dagaci ya zo har ƙofar gida. Na duba 'ya'yana, na ba da wanda ya fi kowa rashin iya riƙon fartanya. Na ɗauka shekara biyu ko uku za su gane ba shi da amfani su dawo mini da abina. Malam, yau furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ba su dawo da shi ba. Ya yi firamare, ya yi sakandare, ya yi jami'a, ya yi bautar ƙasa. Na ce to shi ke nan. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sa'o'insa duk suka ruga Dutse suka kama kujeru a sakatariya, wanda bai kai shi ƙoƙari ba ma yana hawa babur ɗin gwamnati. Shi kuwa ya ce saura kaɗan. Ya tafi wata jami'a can kudu ya yi digiri na biyu, ya ɗora na uku. Malamai su tafi yajin aiki a rufe makaranta, ya dawo ya zauna mini a zaure da littattafai, a buɗe ya koma. Duk lokacin da na tambaya, saura kaɗan.

Abin da yake karantawa wai yadda ido yake gani ne. Ba ya fiɗa, ba ya ba da magani, ya gaya mini tun farko na kuma ji, ban taɓa tura masa mai ciwon ido ba. Wai shi mai bincike ne, yana neman sanin yadda ido yake girma, da abin da yake sa idon yaro ya kasa ganin nesa. Maigidan nasa ma mace ce, Farfesa suke ce mata. Wannan na haɗiye shi tun tuni, ko da yake bai wuce maƙogwaro da sauƙi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Idirisu. Tare muka taso, tun muna yara ba ya bari in wuce shi a komai. Ɗansa da nawa rana ɗaya aka kai su makaranta, nasa ya gudu a aji huɗu. Yau yaron nan yana da tebur a kasuwar Shuwarin yana sayar da tabarau. Tsoho ya zo, yaron ya miƙa masa allura da zare, a yi ta gwada tabarau har ya iya zurawa. Ya gina gida a unguwar Takur cikin Dutse, ya kai ubansa Makka. Idirisu kuwa duk ranar da ya zo majalisa sai ya gyara zama ya tambaye ni, da fuskar tausayi, ko ɗalibinmu ya samu hutu. Mutum mai mata da 'ya'ya biyu ake ce wa ɗalibinmu.

Farkon shekarar nan Abdulkahar ya zo da hoto, yana sanye da wata burmemiyar riga wadda ko aikin wuya babu, da hula kamar faifai, ya ce ya gama. Na yi hamdala. Na tambaye shi ina kayan aikinsa, a ina kuma zai buɗe nasa wurin. Sai ya sosa ƙeya ya ce akwai saura. Wai bayan an gama akwai wani zama, fosdok suke kiransa, shekara biyu ko uku, a ƙasar waje, ƙarƙashin wani maigida daban, kuma Farfesa ce da kanta ta nema masa.

Na kwana ina juya maganar. A iya sanina, maigida ba ya miƙa yaronsa ga wani maigida sai ɗayan biyu: ko bai iya koyarwa ba, ko yaron ya yi masa laifi. Sai na tuna Malam Mika'ilu ya taɓa duba mini wata takardar bincike da suka buga, ya ce sunan Abdulkahar ne a gaba, na Farfesa yana can ƙarshe kamar na ɗan rakiya. Na ce to ga laifin. Yaro ya sa sunansa gaban na maigidansa, ya kuma zauna yana jira a yaye shi. In shi bai san yadda ake gyara ɓarna ba, ni na sani.

Na kama ragon da nake kiwo don layya, na sayi ƙwaryar goro fari, na ɗauki ƙanena Ɗan'inna, muka hau mota. Ban gaya wa yaron ba, don na san zai hana. Wahalar da muka sha da ragon nan a hanya ba sai na ba ka labari ba, direba biyu ne suka so su sauke mu. A ƙofar jami'a masu gadi suka ce ba a shiga da dabba. Ɗan'inna ya ce na Farfesa ne, nan da nan aka buɗe, har da mai nuna mana hanya. Da Abdulkahar ya fito ya gan mu, ni da Ɗan'inna da rago, sai da ya jingina da bango.

Kafin Farfesa ta fito daga aji ya zagaya da mu wurin aikin nasu. Malam, na ga abin da in wani ne ya gaya mini sai in ce ƙarya yake. 'Yan tsaki ne a keji, kowanne an manna masa ɗan gilashi a ido ɗaya, suna ta tsince-tsincen tsaba abinsu kamar akawuna. Ɗan'inna ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Akwai wani ɗaki kuma ba taga, ana sa mutum ya ɗora haɓa a kan ƙarfe yana kallon wasu zane-zane suna walƙiya, ana tambayarsa wanne ya fi haske. Sai dai na lura da abu ɗaya. Akwai wata yarinya da wani saurayi masu neman nasu digirin, Abdulkahar ne yake nuna musu yadda ake riƙe tsako a auna idonsa ba a ji masa ciwo ba, suna binsa a baya suna rubutu. Wato har yara yake da su a ƙarƙashinsa. Na ce a raina wanda yake koya wa wasu, me ya rage a koya masa?

Farfesar kam, gaskiya ba zan ci amanarta ba, tana da tarbiyya. Dattijuwa ce mai furfura, ta rissina ta gaishe ni, ta ba ni kujerarta, ta sa aka kawo ruwan sanyi. Ba ta jin Hausa, don haka Abdulkahar ne tafinta. Na yi bayani tun daga kan Malam Jaji, na ba da haƙuri a kan maganar suna, na ce in yaro ya yi kuskure babba ne yake yafewa, na roƙe ta ta yaye shi ta ba shi kayan aikinsa. Na yi maganar da za a dafa shayi a shanye ban kai ƙarshe ba. Shi kuwa ya juya mata da Turanci a numfashi ɗaya. Na dube shi, ya dubi 'yan tsaki.

Ta yi murmushi, ta ɗora hannu a ƙirji, ta karɓi goro da hannu biyu, ta fita ta shafa ƙahon ragon. Ta bakin yaron ta ce tun da take koyarwa ba uban ɗalibin da ya taɓa yi mata haka, kuma a cikin duk waɗanda ta horar babu kamar ɗana, ba ta da sauran abin da za ta koya masa. Maganar suna kuma wai haka al'adarsu take, wanda ya yi aikin shi ne a gaba. Ban yarda ba, amma na bar shi a kan kara ce take yi mini. Da la'asar Ɗan'inna ya yanka ragon da hannunsa, ɗalibai suka hura wuta a bayan gini, kowa ya ci, har masu gadin ƙofa. Ni ma na ci na ƙoshi, domin a wajena magana ta ƙare. A wajenmu wanda ka je wa da roƙo ya karɓi goronka ya ci namanka, ya amsa ke nan.

Na dawo Miga na gaya wa kowa an yaye yaro, na kuma tabbatar Idirisu ya ji da kunnensa. Ba a daɗe ba sai ga Abdulkahar da takardun tafiya, wai komai ya kammala, yardata kawai yake jira. Ashe ita Farfesa godiya ta ɗauka na je yi mata. Na tambaye shi me ya gaya mata a cikin numfashin nan ɗaya, ya sunkuyar da kai. Na tambayi kayan aiki, ya ce injin da suke awo da shi na jami'a ne, ba na Farfesa ba, kuma ko an ba shi ba zai shiga ta ƙofar zaurena ba, balle a yi maganar wutar da zai ci. Raina ya ɓaci. A gaban mutane, Idirisu yana zaune, na rantse da Allah ba zai je ko'ina da yardata ba sai an yaye shi yadda ake yaye mutum, da kayan aiki a hannu.

Na ɗauka zai yi gardama, ko ya tafi abinsa yadda yaran zamani suke yi, in samu abin kamawa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya kai matarsa Fiddausi da yara gidan iyayenta a Takur, ya ɗauko jakarsa ya dawo ɗakin da ya taso a ciki. Ya ce ba zai taka jirgi ba sai na ce ya tafi. Mutanen ƙasar wajen sun ce za su jira shi zuwa bayan Ƙaramar Salla, in bai je ba su ba wani. Ga shi muna cikin Sha'aban. Kullum da safe yana bin 'yan'uwansa gona, yana yankan dawa kamar mai yi wa jariri aski, hannunsa duk ya yi kanta. Da yamma ya zo ya gaishe ni, ya tambayi jikina, ya tashi. Maganar tafiya ko sau ɗaya bai ƙara tayar da ita ba. Uwarsa kuma tuwo yana zuwa a kan lokaci, amma miyar ba gishiri, na kuma san ba mantuwa ba ce.

Ni ba mugu ba ne, Malam. Na ga yadda yaran can suke girmama shi, na ji daɗi, ban dai nuna ba. Amma shekaru sun ja, allura ma yanzu sai an zura mini. Ba na so in bar duniya ɗana yana yaron wani. In ya gama wannan aka ce akwai wani fa? Wa ya san iyakar abin? Karatun da ba wanda zai iya gaya maka ranar ƙarewarsa, ni ban san sunansa ba.

Yanzu da Allah ya kawo mu zamanin shari'a a jiharmu, Ɗan'inna ya ce in kai ƙarar Farfesa gaban alƙali a Dutse, tun da ta karɓi goro ta ci rago ba ta cika ba. Malam Mika'ilu ya ce dariya za a yi mana, yana rubuta wannan ma yana girgiza kai. Kai me ka gani? Ina da ƙara ko ba ni da ita? Wannan fosdok ɗin koyo ne na gaskiya ko bauta ce aka sake wa suna? Rantsuwar kuma yaya zan yi da ita, tun da ni dai ba zan tsaya gaban Idirisu in ce na janye ba?

Naka,
Tsohon maɗinki, daga yankin Miga.

AMSA

Baba, wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma da lafiya. A gaishe mini da Malam Mika'ilu, ya riƙe amana, ban ga wurin da ya yi laushi ba.

Bari in fara da mai sauƙin. Ba ka da ƙara. Alƙali zai tambaye ka ko Farfesa ta san abin da kake roƙo lokacin da ta karɓi goron, kai da kanka kuma ka shaida cewa ba a gaya mata ba. Wanda bai ji roƙo ba bai yi alkawari ba. Ragon ya tafi a matsayin kyauta ga wadda ta yi shekaru tana ɗawainiya da ɗanka, kuma ta cancanta. Ka gaya wa Baba Ɗan'inna ya huta.

Da na karanta wasiƙarka na je na sami wani abokina da yake koyarwa a jami'a, na ce ya warware mini yadda ake horar da masu binciken gani. Ga abin da na fahimta. Mai neman digiri na uku shi ne kamar kai a rumfar Malam Jaji. Yana koyon riƙe kayan awo, da yadda ake shirya gwaji, da yadda ake rubuta sakamako, maigida yana duba kowane ɗinki. Ranar da aka sa masa rigar nan marar aikin wuya, ranar aka yaye shi a al'adarsu. Zaman da yake biyo baya aiki ne da albashinsa, ba a zama a aji, ba a jarrabawa. A nan mutum yake koyon abin da bai samu a gidan farko ba, wata na'ura ko wata dabara, ya kuma koyi riƙe wuri na kansa: yadda zai zaɓi abin da zai bincika, ya nemo tallafi, ya horar da nasa ɗaliban. Maganar suna kuwa ba kara Farfesa ta yi maka ba. A wannan fannin wanda ya yi aikin shi ake sa wa a gaba, mai ɗakin binciken ya zo a ƙarshe. Ɗanka bai yi rashin kunya ba.

'Yan tsakin ma ba wasa ba ne. Idonsu yana girma da sauri, in aka sa masa gilashi sai girman ya sauya, a auna a gani cikin ɗan lokaci. Ta haka ake neman gane dalilin da ya sa wani yaro yake zaune a aji ba ya ganin allo, ana ce masa daƙiƙi alhali idonsa ne. Sana'ar ɗan Malam Idirisu halal ce, tana kuma da amfani, Allah ya ƙara kasuwa. Sai dai gilasan da ke kan teburinsa sai da wasu suka daɗe a ɗakunan awo irin wanda ka gani kafin a san yadda za a yi su. Kada ka ɗora yaran biyu a sikeli ɗaya.

Ka ce maigida ba ya miƙa yaro ga wani maigida. A ɗinki haka ne, ban isa in yi maka musu ba. Amma ka dubi malaman garinku. Mutum ya sauke Alƙur'ani an yi walima, ya tashi ya tafi wajen mai nahawu, daga can ya wuce wajen mai fiƙihu, ba wanda ya ce malaminsa na farko bai iya ba. Sau da yawa ma malamin ne yake cewa je ka wajen wane, abin da ya rage yana hannunsa. Abin da Farfesa ta yi ke nan. Ta sa sunanta da mutuncinta ta rubuta wa mutanen can cewa ga wanda ta yarda da hannunsa. In ka auna, bai yi nisa da abin da Malam Jaji ya yi ranar da ya kira attajirin nan ba.

Yanzu ɓangarenka. Tsoronka yana da tushe. Abokin nawa ya ce akwai waɗanda suke gama wannan zama su shiga wani, su ƙara shiga wani, shekaru su tafi ba su da wuri nasu. Akwai kuma masu dawowa su tarar ba kujera ba kayan aiki. Uba yana da haƙƙin ya san iyakar abin. Don haka kafin ka ce komai, Abdulkahar ya zauna ya gaya maka da Hausa, dalla-dalla, me zai je ya koya wanda babu a nan, wace shekara zai gama, kuma jami'arsa ta ajiye masa gurbin da zai dawo ko kuwa fata yake yi. In bai san amsar ba ya tambayo. Sannan a duk wasiƙarka ban ji an tambayi Fiddausi ba. Da ita da yara za a tafi, ko a Takur za su zauna, kuma ta yarda? Wannan ya fi maganar rago nauyi.

Kai kuma Abdulkahar, na san za ka ga wannan shafi. Ladabinka abin yabo ne, amma kai ka ɗaura wannan ƙulli. Mahaifinka ya yi doguwar tafiya da magana a bakinsa, ka taƙaita ta don kunya. Wanda zai iya koya wa ɗalibai biyu awon idon tsako zai iya yi wa mahaifinsa bayanin aikinsa. Shirun da kake yi a gonar dawa shi ma wata irin gardama ce.

Ga abin da nake ba da shawara. Abdulkahar ya shiga Dutse cikin makon nan ya buga wa Farfesa waya, ya gaya mata duk abin da Baba ya faɗa ranar, ba ragi. Ya roƙe ta ta rubuto da hannunta cewa ta yaye shi, ta kuma sa masa albarka. An gaya mini masu wannan aiki suna da 'yar fitilar hannu da ake haska ido da ita a auna shi. In za ta haɗo da irinta, ko tsohuwa ce, kayan aiki ya zo hannu. Macen da ta rissina ta ba Baba kujerarta ba na jin za ta ƙi. In saƙon ya iso, Baba, ka tara maƙwabta a ƙofar gidanka, a raba goro, Malam Mika'ilu ya karanta ya fassara, liman ya shafa fatiha, kai kuma ka miƙa wa ɗanka kayan da hannunka. Malam Idirisu a ba shi wuri a sahun gaba. Ba janyewa ka yi ba, sharaɗinka aka cika.

Rantsuwa kuwa ni ba malami ba ne. Ka sami limaminku ka gaya masa lafazin da ka yi daidai yadda ka yi shi. In ya ce wannan ya wadatar, to. In ya ce da saura, akwai kaffara, an kuma san wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, kaffara yake yi ya bi alherin. Ko saƙon Farfesa ya makara a hanya, kada ka bari wa'adin ya wuce saboda shi.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda zai fara magana. Kada ka jira shi, Baba. Yaron da zai bar kujera a ƙasar waje ya zo ya riƙe lauje da hannu mai kanta don kada ya saɓa maka, zai iya yin shirun nan har gurbin ya wuce, ya kuma ci gaba da gaishe ka kullum da yamma kamar ba abin da ya faru. Wannan gaisuwar ba za ka so ta ba. Ka kira shi kafin a ga watan azumi.

Allah ya ba ka tsawon rai ka ga dawowarsa, ya yi wa zuriya albarka, ya kai mu Salla lafiya.